Kafin Ka Sayar Wa 'Yan Gwangwan Da Fijon Baba

Shekaranjiya a nan Tudun Wada na ga ana ɗora wata Peugeot 504 a bayan babbar mota, za a kai ta a sassare a auna a kilo. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Irin motar nan a Kakuri, Kaduna, kamfanin PAN ya fara harhaɗa ta a 1975, kuma hannun 'yan ƙasa ne ya ɗaure nocinanta.

Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, magidanta da yawa suka jingine motocinsu a ƙofar gida, aka lulluɓe da tamfol. Yau in mutum ya sa batir ya murza makulli ta ƙi tashi, sai ya ce ta mutu. Alhali sau da yawa gaggawar ce ke kashe ta.

Tamu ta gida shekara biyu ta yi a ajiye. Tsohon bakaniken da na kira hana ni taɓa makulli ya yi. Ya kwance fulogogi, ya ɗiga mai a kowace silinda, ya bari ya kwana, sannan ya juya injin da sifana ya ji ko fistin ya kama. Ya zubar da tsohon fetur don ya riga ya yi danƙo, ya wanke tanki da kafireta, ya canja baƙin mai da filta. Ya duba lagireto da fanbel, ya bi wayoyin da ɓera ya ci, ya gwada birki. A kwana na uku ta tashi.

Ra'ayina shi ne, abin da muke asara ya fi ƙarfe. Masu wannan sanin tsufa suke yi, yaran gareji kuwa sun koma acaɓa saboda babu aiki. Kowace motar da aka sassare, aikin bakanike ne da ladan ɗan koyo suka tafi.

Saboda haka in kana da mota a ajiye, kira bakanike ya duba kafin ka kira mai sikeli. 'Yan takarar da ke zuwa neman ƙuri'unmu kuma, mu tambaye su ƙarara: me suka tanadar wa garejojin Tudun Wada da yaran da ke koyo a cikinsu?

Allah Ya sa mu dace.