Karatun Da Ake Ɗauka A Bakin Aboki

A shekarar 1969, zamanin Magajin Gari John Lindsay, birnin New York na Amurka ya ɓullo da shirin ɗaukar matasa masu ilmin jami'a, a rarraba su ofisoshin hukumar birni. Wata tara suke yi, wani a sashen kwashe shara, wani a sashen gidaje.

To, jama'a, ni abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne zaman da sukan yi tare. Nan ne na sashen gidaje zai iya ji daga bakin abokinsa cewa ɓerayen da 'yan haya ke kuka da su, jujin bayan gida ne ke kiwonsu. Manyansu kuwa, kowa takardar da ke gabansa yake dubawa.