Ma'aikacin tarayya da neman masu zuba jari: inda gizo ke saƙar

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira a kasuwar canji a watan Yuni, albashin ma'aikacin tarayya ya daina kai shi ƙarshen wata. Shi ya sa zancen kafa kamfani da neman mai zuba jari ya yawaita a ofisoshin Abuja. Sai dai mai kuɗi yana da zaɓi. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 cikin ɗari, wanda ya ranta wa gwamnati kuɗinsa kuwa yana cin riba mai kauri yana kwance a gida. Dole sabon kamfani ya nuna abin da ya fi haka.

Amma kafin a kai ga lissafin riba, akwai tambayar da ke kayar da ma'aikata da dama: wa ke tafiyar da kamfanin? Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Yana iya mallakar hannun jari, amma ba ya riƙe ragama. Tsohuwar dabarar sanya sunan uwargida ko ƙane a takardun rajista, alhali maigida ne ke juya komai ta waya, ta fara cin tura. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana masu iko na haƙiƙa, kuma a 2023 hukumar CAC ta buɗe rajistarsu ga jama'a. Nan lauyan mai jari ke fara leƙawa, kuma da ya ga takarda ta saɓa wa zahiri, magana ta mutu.

Wasu na dogaro da dokar sababbin kamfanoni ta 2022 saboda rangwamen harajin da ta tanada. Dokar ta kamfanonin fasahar zamani ce waɗanda ba su wuce shekara 10 ba. Gidan ruwan leda a Gwagwalada ba ya ciki.

Mai gonar kaji a Kuje ya fi kowa sarari, tunda doka ta bar masa noma. Abin da za a nema a wurinsa shi ne asusun banki na gonar daban da na albashi, takardar mallakar fili, da littafin ciniki na aƙalla shekara guda wanda akanta ya tantance.