Ra'ayinmu: Maƙiyin cikin gida da ke taimakon cututtukan huhu, da aikin da ke jiran Maiduguri

A watan Afrilun 2020 wani ma'aikacin jinya da ya yi aiki a Pulka ya rasu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, shi ne mutum na farko da aka tabbatar ya kamu da korona a Jihar Borno. Tun daga lokacin likitoci ke fama da tambaya ɗaya: me ya sa cutar take wucewa kamar mura a jikin wani, amma ta shaƙe huhun wani har ta kai shi kushewa?

Wani ɓangare na amsar ya fito a mujallar Science a wannan shekarar, daga tawagar Farfesa Jean-Laurent Casanova ta Jami'ar Rockefeller da Cibiyar Imagine ta birnin Faris. Idan ƙwayar bairos ta shiga jiki, sinadarin da ke fara buga gangar yaƙi shi ne intaferon. Sai aka gano cewa jinin wasu mutane na ɗauke da dakarun garkuwa waɗanda suka juya wa jiki baya, suna kashe wannan sinadari tun bai kai saƙo ba, bairos kuwa ya samu filin hayayyafa. Cikin majinyata 987 da korona ta kai su bakin mutuwa, 101 suna da irin waɗannan dakaru, kuma 95 daga cikinsu maza ne. Binciken 2021 ya nuna abin yana ƙaruwa da tsufa: kusan kashi 4 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 70 suna ɗauke da su tun kafin wata cuta ta same su. An kuma same su a wasu da murar infuluwenza ta kwantar rai a hannun Allah.

Mafi yawan jinin da aka auna daga Turai da Amurka ya fito. Dattijon da ya kwashe shekaru a sansanin gudun hijira, ya sha zazzaɓin cizon sauro da ƙurar hunturu, ba lallai ne lissafin Faris ya yi masa daidai ba. Ga shi kuma tsarin sa ido kan infuluwenza na ƙasa ya fara ne da cibiyoyi a Abuja, Kano, Legas da Nnewi, babu Arewa maso Gabas.

Maiduguri ba ta rasa gwanaye ba. Ɗaya daga cikin ɗakunan gwajin shan-inna biyu na ƙasa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su yana asibitin koyarwar nan, ɗayan yana Ibadan. Matsalar ita ce abin da ke riƙe samfurin jini: firji mai tsananin sanyi da wutar da ba ta yankewa. Birnin ya daɗe cikin duhu bayan an rusa turakun lantarki a 2021, ambaliyar Alau ta Satumban 2024 kuma ta shiga asibitin kansa.

Ku da ke tsara takardun kasafi a Ma'aikatar Lafiya da hukumar NCDC, ga abin da muke nema: a ware kuɗin ajiyar jinin masu matsanancin ciwon huhu a Maiduguri, tare da izininsu, a ɗaki na sama mai wutar sola, a horar da masu gwajin. Sakamakon zai nuna wa za a fara yi wa rigakafi, wa kuma za a kwantar tun tari bai yi nisa ba. A sa shi cikin kasafin baɗi, da layinsa na kansa.