Mu Ɗauki Hoton Hanyar Kakanninmu Tun Da Sauran Masu Ba Da Labari

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne rasuwar wani dattijo a unguwarmu nan Namtari, Allah ya jiƙansa. Bayan sadakar uku aka nemi hotonsa, ba a samu ba sai na katin zaɓe. Mutumin da ya yi dako a bakin kogin Jimeta lokacin da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai da damina, suna wucewa har Garwa! Ya tafi da labarinsa duka.

Jama'a, zamanmu a ƙasar Fombina ya daɗe. Modibbo Adama ya zauna a Gurin da Ribadu kafin ya kafa Yola a 1841, kuma fatake Hausawa sun bi sawu da tufafin Kano, suna komawa da hauren giwa. Gaskiya ɗaya ce, har da bayi aka bi da su ta waɗannan hanyoyi. A 1851 Bature Heinrich Barth ya ƙetare Binuwai ya iso Yola zamanin Lamido Lawal, ya rubuta abin da ya gani. Shi baƙon 'yan kwanaki ya bar shaida. Mu da aka binne cibiyarmu a nan, me muka ajiye?

Yau kowane yaro yana da waya mai kyamara, amma hoton biki da na sabuwar shadda kawai ake ɗauka. Ra'ayina shi ne mu juya kyamarar nan ga tsofaffin masallatai, da mashigin kwale-kwale, da kasuwar shanu ta Ngurore, da mahaɗar Binuwai da Gongola a Numan, da fuskokin mahauta, maɗinka da dillalan da suka tsufa cikin sana'a. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna mana cewa ginin ƙasa ba ya jiran kowa.

Wani zai ce malamai sun yi magana kan hoto, wani kuma yana tsoron a watsa shi a Facebook a yi masa dariya. Ban raina wannan ba. Shi ya sa dole a yi sallama, a nemi izini, wanda ya ƙi a bar shi. Kada a leƙa cikin gida, kada a mai da talaucin mutum abin kallo. Kuma hoton da ba suna, ba wuri, ba shekara, aikin banza ne. A rubuta su, a wanke hoton a kai wa mai shi nasa.

Duk ranar da aka ce wa jikokinmu baƙi, gara su fito da hoton kakansu a bakin kogi da su tsaya cacar baki. Ni dai Asabar ɗin nan zan fara da ladaninmu, in ya yarda.

Allah ya sa mu dace, amin.