ƊAN AIKENKI MA YANA JIRAN SALLARSA

 

Yau ba zancen soyayya zan yi ba, ko da yake wanda zan yi magana a kansa yana da hannu dumu-dumu a soyayyar kowacce daga cikinmu. Ina nufin ƙanenki, ɗan shekara bakwai ko takwas ko goman nan, wanda yake shigowa da gudu bayan sallar isha'i ya ce, "Yaya, wai ana sallama da ke." Shi ne mai kai tabarma zaure, shi ne mai kai ruwa, shi ne kuma ya san daren da mutum biyu suka yi karo a ƙofar gida amma bai gaya wa Baba ba. Shekara guda cur kina aikensa, to da Sallah ta matso me kika tanadar masa?

Na san amsar da yawancinmu za su bayar, wai ai Baba ya ɗinka masa. Haka ne, Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri. Sai dai magidanci mai 'ya'ya bakwai ko takwas, in ya shiga Kantin Kwari ya yanko shadda ko yadi, ya biya tela, ya yi cefanen tuwon Sallah, to aljihunsa ya gama magana. Hula da takalmi sai a ce a yi maneji da na bara. Mu mata muna da dabara, in babu sabon mayafi a yi aro, in babu sarƙa a karɓi ta Umma. Yaro namiji ba shi da wurin aro, kuma yaran unguwa ba su iya ɓoye magana ba. Sai ki ga yaro ya fito da sabon kaftani yana ƙyalli, ƙasa kuwa silifa mai tsinkakken hanci da aka ɗaure da waya, kafin ya kai bakin titi an sa masa suna. Idan kika ga ranar Sallah ƙanenki ya dawo daga Idi ya kwanta a ɗaki yana cewa cikinsa ke ciwo, alhali abokansa suna ƙofar gida suna kiransa yawon Sallah, ki duba ƙafarsa da kansa kafin ki nemo masa magani.

Saboda haka ni a wurina kyautar Sallah ta yaro ba abin da ya burge ki a kasuwa ba ne, abin da ya rasa ne a cikin shigar da zai fita da ita cikin tsaransa. Kada ma ki tambaye shi me yake so, domin zai ce keke ko waya, ke kuma ki shiga uku. Ki tambayi Umma abin da aka samu da abin da ba a samu ba, ki leƙa ƙarƙashin gado ki ga halin da takalminsa yake ciki.

Takalmin nan shi ne babba, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. Kada ki dogara da lamba, domin lambar wannan kamfani ba ita ce ta wancan ba, musamman kayan China. Ki yi irin ta iyayenmu, ki samu tsinken tsintsiya ki auna tafin ƙafarsa daga diddige zuwa babban yatsa, ki ƙara faɗin yatsanki guda, ki karya, ki jefa a jaka. In yana barci kika auna ma ya fi, ba zai san abin da ake ciki ba. A kasuwa sai ki zura tsinken a cikin takalmin, in ya kwanta daidai shi ke nan. Akwai wata al'ada tamu ta sayen ƙaton takalmi wai don yaro ya girma da shi. Yawon Sallah fa tafiyar ƙafa ce, daga Fagge a shiga ta Ƙofar Mata, a je gidan Gwaggo, a je gidan Kawu, a dawo da magariba. Takalmin da yake faɗuwa a ƙafa kafin azahar ya yi masa kanta, ƙarshenta a hannu zai riƙo shi. Ki lanƙwasa ƙasan takalmin ki gani, in gam kawai aka sa babu ɗinki, kada ki fasa saye in kuɗinki nan ya tsaya, amma kafin ya saka ki kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye shi da zare. Ɗan abin da za ki ba shi zai ƙara wa takalmin watanni. Kuma kada kunya ta hana ki leƙa 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, sau da yawa na gwanjo mai kyau ya fi sabo mai arha ƙarko, a wanke a goge ba wanda zai sani sai in ke kika faɗa.

Hula kuwa ki auna kansa da zare ki ƙulla. Kada ki wahalar da kanki da zanna ɗinkin hannu, wannan ta manya ce, ta inji ta ishe shi, tunda hular yaro ba ta cika kwana uku a kansa ba, ko ta faɗi a a-daidaita-sahu ko ta zama ƙwallo. In ta bara tana shigarsa, masu wankin hula za su dawo miki da ita kamar sabuwa.

Sai maganar lokacin saye, wanda a nan ne ake cin kuɗin da yawanmu. Duk wadda ta shiga kasuwar Sabon Gari a goman ƙarshe na azumi, ko kuma ranar jajibere, ta san ba ciniki ta je yi ba, roƙo ta je yi. Tun daga Bata har 'Yan Kura ba masaka tsinke, ga rana, ga ƙishirwa, mai kaya kuwa kina tayawa yana kallon wadda ke bayanki. To ga wata dabara da shekarun nan suka zo mana da ita. Kun san Sallah tana ja da baya da wajen kwana 11 duk shekara, a 2025 ma ƙarshen watan Maris aka yi ƙaramar Sallah. Maƙwabtanmu Kiristoci na Sabon Gari kuwa a Disamba suke nasu bikin, 'yan kasuwa su cika rumfuna da takalman yara da agogo da tabarau da kayan wasa. Abin da ya yi kwantai bayan Kirsimeti yana nan a Janairu, mai shi yana neman kuɗin da zai saro kayan azumi, a lokacin ne yake sauraron tayi. Ki saya ki ɓoye a ƙasan akwati, sai dai ki ƙara wa tsinken awonki ɗan tsawo kaɗan saboda wata biyun da ke tsakani.

Kada kuma ki yi ta zagin ɗan kasuwa a kan tsada, ba duka ne laifinsa ba. Kusan duk tarkacen nan daga China ake shigo da su, da dala ake sarowa. Dalar da take ƙasa da naira 800 a wurin 'yan canji a farkon 2023, ta haura 1,500 a farkon 2024, ga janye tallafin man fetur da aka yi a watan Mayu na 2023 wanda ya ɗaga kuɗin mota. Abin da aka faɗa a Wapa da safe, shi za ki tarar a kan agogon roba da yamma. Maganin wannan shi ne ku haɗu ku uku ko huɗu, ƙawaye ko 'yan aji ɗaya, ku sayi rabin dozin a farashin sari ku raba. Kuma ki ware kuɗin motar komawa gida ki ƙulle a gefen mayafi tun kafin ki fara ciniki.

Akwai abu biyu da nake roƙonku da girman Allah ku bar su a rumfar mai su. Na farko bindigar roba mai harba 'yan ƙananan ƙwallayen nan. Na san ita ce abin da yaran suka fi so, amma ƙwallon da ba ya huda riga yana iya fasa ido, yaro kuma ba ya harbin bango, fuskar abokinsa yake nema. Ga asibitin ido na ECWA nan a Sabon Gari, ban so a ce can kuka yi yawon Sallarku, ko da ƙanenki ko da ɗan maƙwabta, ga rigimar iyaye ta biyo baya. In dole sai bindiga, ga ta ruwa nan, iyakarta ta jiƙa wa Yaya kwalliya.

Na biyu shi ne ɗan batirin nan mai kama da maɓalli, wanda ake sawa a agogo da tabarau mai wuta da takalmi mai walƙiya. Ɗan shekara takwas ba zai haɗiye shi ba, amma zai ɓalle murfin don ya ga abin da ke ciki, ƙanwarsa mai rarrafe ta tsinta ta kai baki. Idan ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2 kacal. Don haka ki duba, in murfin batirin ba da kusa mai juyi aka ɗaure shi ba, ki ajiye. In kuwa tsautsayi ya sa an haɗiye, ba a jira a ga ko zai fita, ba a sa yaro amai, asibiti ake nufa a take.

To, ina kuɗin za su fito? A nan ne zan ɓata wa wasu rai. 'Yar uwa, kada ki ce wa saurayi ya yi wa ƙanenki kayan Sallah. In ya kawo toshi don kansa, iyaye sun sani, wannan daban. Amma ki buɗe baki ki ce "ga ƙanena ba shi da takalmi," kin gaya masa sirrin gidanku a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma wasunsu rubutawa suke yi. Ranar da zance ya watse za ki ji an karanto lissafi a gaban manya har da takalmin yaro. Ban da haka ma, ƙanen da saurayi ya saye ya tashi daga ɗan aikenki ya koma ɗan rahotonsa, duk wanda ya yi sallama da ke sai labari ya kai. Ki rage daga kuɗin tara, ki yi kitso, ki yi lalle, ki shiga ɗan adashen aji. Abin da kika tara da hannunki ko tabarau ne ya isa.

Waɗanda suke gidan 'yan uba kuma, a yi hattara. Ki saya wa ɗan ɗakinku agogo, ɗan ɗakin Anti tsaransa yana tsaye yana kallo, wallahi kin kunna wutar da sai ta kai babbar Sallah ba ta mutu ba, kuma a kan mahaifiyarki za ta ƙare. In kuɗin ba za su kai biyu ba, ki sayi ƙwallo ki ce tasu ce su duka. Ni dai har yau ban ga kyautar da ta kai ƙwallo riba a wurin yaro ba. Ba ta cin batir, ba a cewa ta yi kaɗan ko ta yi yawa, kuma duk unguwa an san mai ƙwallo ba a cire shi a wasa ko da bai iya ba. Yaron da jiya ake tura shi tsaron gida, yau shi ke zaɓen 'yan wasa, har ya ce shi ne Ahmed Musa na Kano Pillars ba mai musa masa. Almajirin gidanku ma da yake ɗebo muku ruwa zai samu shiga, ko da yake shi kam ya cancanci ko hula ce tasa ta kansa.

In an samu ragowar canji, ki haɗa masa da asusun ƙasa, ya riƙa jefa barka da Sallarsa, don mun san inda kuɗin suke zuwa in aka ce "kawo in ajiye maka." Wanda ya fara iya karatu kuma a nemo masa Magana Jari Ce na Abubakar Imam ko Iliya Ɗan Maiƙarfi, ba irin namu na soyayya ba, waɗannan ki ci gaba da ɓoye su a ƙarƙashin katifa.

Ranar Sallah da safe, bayan kin gyara masa zaman hula, ki rubuta sunansa da unguwarku da lambar wayar Baba a 'yar takarda ki sa masa a aljihun gaba, musamman in gidan Zoo za su ko wurin kallon hawa. Kowace shekara muna jin cigiyar yara a rediyo har dare. Ki ce masa in ya rasa 'yan uwansa ya tsaya wuri ɗaya ya miƙa wa babban mutum ko ɗan sanda takardar.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. A yi Sallah lafiya, a gaishe min da ƙannen.