Wasan Attajiri da Matsiyaci

Jama'a, yau za mu leƙa ƙasar Japan, inda ake wani wasan karta mai suna Daifugo, watau babban attajiri. Akan raba kartar duka, kowa ya riƙa ajiye wadda ta fi ta ƙasa ƙarfi, in ba shi da ita a tsallake shi. Mai lamba 3 ce ƙarama, mai 2 ce babba. Wanda ya fara ƙarar da tasa shi ne attajiri, na ƙarshe matsiyaci. A rabo na gaba, matsiyaci zai miƙa wa attajiri manyansa biyu, a ba shi tarkace. Amma da zarar wani ya ajiye huɗu masu lamba ɗaya, sai ƙarama ta koma babba.

Mu masu kanti da kujerar ofis, mu tuna: duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.