Samaru Ta Haura Shekara 100, Mu Ma a Leƙo Mu

A 1922 aka kafa cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, wato IAR, ke nan ta cika shekara 100 tun 2022. Mu 'yan kulob ɗin jarida muna taya ta murna, don kuwa muna cin moriyarta. Masarar SAMMAZ da manoman Doguwa da Tudun Wada ke shukawa daga can ta fito, haka waken SAMPEA da gyaɗar SAMNUT.

To amma mutum nawa ne a ajinmu ya san yadda ake samar da masarar da ke jure wa wuta-wuta? Alhali mu ake turawa tuge ta a gona!

A ganinmu, biki irin wannan kada ya ƙare a zauren taro. Zariya ba ta da nisa daga Kwanar Ɗangora, kuma cibiyar tana da tashar bincike a Kadawa. Muna roƙon malamanmu na aikin gona su rubuta takardar gayyata. Masanan su zo mana da iri, mu shuka kunya goma ta nasu da goma ta irin gida a gonar makaranta. Idan kaka ta yi mu auna da kwano mu gani.